Keken guragu: a ƙera shi daidai da hanyarmu

A ranar 25 ga Agusta 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka. Amma waɗanda cutar ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu a Madawa, Buza da Keita. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu shi ke kai su kasuwa, makaranta da asibiti.

A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Sai dai haƙƙin zirga-zirga ba ya cika idan keke bai dace da hanya ba. Ƙasar Adar tana da duwatsu, gangare da rairayi. Keken da aka ƙera domin kwalta yakan kife ko ya karye a nan.

Idan za ka ba mai walda aiki, ka lura da abubuwa huɗu:

1. Kujera ta yi ƙasa, da majingina. Wannan yana rage kifewa.
2. Tayoyin baya su yi nesa da juna, amma su wuce ƙofar gida.
3. A ƙarfafa mahaɗar ƙarafa da tokara mai kusurwa uku.
4. Birki ya kasance kusa da hannu, saboda gangare.

Ka zaɓi taya da sarƙa irin na keken yau da kullum, domin samun gyara a kasuwar kusa. Kafin a gama walda, a auna mai keken, kuma a nemi shawararsa.