Babban anjekta ba shi ne ƙarfin moto ba

Yau maganar masu moto ce. Yawancin baburanmu har yanzu karbirato gare su, amma masu anjekta sun fara shigowa, har wasu matasa na cewa a sa masu babban anjekta don a ƙara gudu. Mu dai a ganinmu, asara ce.

Inji ba esans kaɗai yake sha ba, da iska yake haɗawa: wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na esans, a nauyi. Kwamfutar moto ke ƙayyade tsawon lokacin da anjekta zai buɗe, kuma lissafinta na tsohon ne. In ka sa babba ba a sake saita ta ba, esans ya yi yawa: buji ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi, wanda bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya sirka man inji. Ga ɗan kabu-kabu, kuɗin cefane ne ke fita ta salansa.

Babban anjekta sai in an faɗaɗa silinda, iska ta ƙaru, an duba famfon esans, sannan mai na'ura ya saita kwamfutar.

Kafin nan, mu duba ruwa-ruwan kwalba da muke zubawa. Ramukan anjekta ƙanana ne ƙwarai, ƴar ƙura ma ta isa ta toshe su. A canza filta, a wanke anjekta, sau da yawa ƙarfin zai dawo. Wanda kuma ya ƙara gudu, ya fara gyara birki. Allah ya tsare mu.