BUKIN KAKA: MU ƘIDAYA RUMBU KAFIN MU KIRA MAKAƊI

Ƴan'uwa manoma, kaka ta zo. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, wake da gujiya suna shiga gida. A garuruwa da yawa, daga Gobir da Katsinar Maraɗi har Adar da Damagaram, yanzu ne ake shirin bukin shekara. Za a share fili, a kafa rumfuna bakin hanya. Ƴan kasuwa su zo da tufafi da kwanoni, mahauta su hura wuta, makaɗa su ɗaure ganguna, ƴan kokowa su yi ɗamara. Kwana biyu ko uku gari ba ya barci.

Akwai masu cewa a bar wannan buki, wai ɓarnar dukiya ce kawai. Mu dai muna son ya ɗore. Amma akwai gaskiya cikin maganarsu, kuma gara mu dube ta tun ba a buga ganga ba.

Don me muke son buki ya ɗore?

Mutumin da ya yi wata huɗu cikin gona, tun daga shibka da noman fari da maimai har yankan hatsi, ya cancanci ya huta, ya ga danginsa, ya yi dariya. Ranar buki ce ɗiyar da aka yi wa aure nesa take zuwa ganin gida. Ranar ce waɗanda suka yi faɗa kan iyakar gona suke zama tabarma guda.

Kasuwa ma tana ci. Mata suna saida man gujiya da ƙuli-ƙuli da fura da tabarmi. Maƙeri yana saida hauya da gatari, baduku yana saida takalma. Kuɗin nan cikin gari suke tsayawa.

Ga kuma al'ada. Kokowar da ƙasa duka take tsayawa saurare a rediyo, a filayen ƙauye aka haife ta, bayan an gama aikin gona. A 1975 aka fara gasar ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama gwarzon farko. Da babu filin ƙauye, ina za a samo irin su? A Damagaram akwai wasan kara, inda samari suke kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati, kowa ya yi dariya, ba mai fushi. A ƙasar Maraɗi kakanninmu suna da bukin dubu: manomin da ya tara dami dubu ya kira jama'a, ya yi kyauta, a san shi sarkin noma ne. Ku lura da wannan da kyau. Sai da ya tara dubun tukuna ya kira maroƙa.

To, ina matsalar take?

Matsalar ita ce yau da yawa cikinmu muna kiran maroƙa kafin mu ƙidaya. Buki yana faɗowa daidai lokacin da hatsi ya fi araha cikin shekara, don kowa yana kai wa kasuwa rana guda. Ɗan kasuwa ya san haka. Shi ya sa yake zuwa da mota da buhuna da tiyarsa, ya kafa kusa da filin wasa. Maigida yana son sabuwar riga, uwargida tana son zane, yaro yana son takalmi, makaɗi ya ambaci sunan kaka da kakanni. Sai a buɗe rumbu. In damana ta faɗi, hatsin nan da aka sayar da araha shi za a koma saye da tsada, wani lokaci ma bashi, a hannun wanda aka sayar wa. Sannan maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiya guda. Gonarsa ta yi ciyawa, baɗi kuma rumbu ya ƙara raguwa.

Ba mu manta da 2005 ba. Fari da fara sun ɓata damanar 2004, kuɗin buhun hatsi ya ninka fiye da sau biyu tsakanin kaka da tsakiyar damana, yara da yawa suka galabaita a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Tsofaffi kuma suna tuna 1973 da 1984. Wanda ya ga waɗannan shekaru ya san darajar dami guda.

Mu yi lissafi tare

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga inda alƙalaminku zai yi aiki. Ma'aikatan gona suna ƙiyasta cewa mutum guda yana bukatar kilo 231 na hatsi a shekara. Tiya guda ta hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40. Gida mai mutum 8 yana bukatar kilo 1.848, wato buhu 18 da rabi, ko mu ce tiya 2 kowace rana har shekara ta zagayo. A kan wannan sai a ƙara iri, a fidda zakka, a ajiye na baƙo da na suna. Abin da ya saura bayan haka, shi ne na buki. In babu saura, a je kallo da tsohuwar riga wankakkiya. Ba wanda kunyar tsohuwar riga ta kashe, amma yunwa ta kashe mutane.

Kowa ya yi wannan lissafi a gidansa, ya kuma taimaki maƙwabcin da bai iya rubutu ba. A yi shi gaban uwargida, don ita ta san abin da turmi yake ci kullum.

Wanda ke bukatar kuɗi fa?

Akwai hanya. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma a Nijar suke yin abin da ake kira warantaji. Ƴan ƙungiya su tara amfaninsu cikin mangaza guda, a sa kwaɗo biyu: makulli ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen asusun da ya ba da rance. A karɓi kuɗi a yi kiwo ko noman rani ko ƙaramar sana'a. Bayan watanni a biya, a buɗe mangaza, hatsi yana nan, kuma sau da yawa ya ƙara daraja. Sai dai a kiyaye: rancen na sana'a ne. Wanda ya kai shi filin wasa ya ci bashi biyu.

Wake ma ba dole a zubar da shi kasuwa don tsoron ƙwari ba. Buhun nan mai riɓi uku, leda biyu ciki da buhu a waje, in an shanya wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane riɓi tam, ƙwaro ba ya samun iska, sai ya mutu, ba tare da an zuba magani ba.

Abin da muke roƙon masu shirya buki

Na ɗaya, a ja ranar buki baya kaɗan, sai kowa ya gama kai amfaninsa gida. Garin da ya tafi kallo ya bar dammuna a gona, ya bar su ga ɓarawo da wuta da dabbobi.

Na biyu, a gayyaci makiyaya, a ba ardo wurin zama kusa da maigari. Kowace shekara hukuma ce ke tsaida ranar sakin gonaki. A sa sanƙira ya faɗe ta a tsakiyar fili, kowa ya ji da kunnensa. Kaka ita ce lokacin da rigimar manomi da makiyayi ta fi tashi. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, irin wannan rigima ta ci rayuka fiye da 100, galibi mata da yara. Kada Allah shi maimaita. Makiyayi yana son kara, manomi yana son taki da nono. Wannan ciniki ya fi kyau a ƙulla shi ranar farin ciki.

Na uku, a ware rumfa guda ta noma. A kira malamin gona ya nuna iri mai saurin nuna da yadda ake ajiya. A ba da kyauta ga wanda zangarniyarsa ta fi kyau, da matar da ragonta ya fi ƙiba, kamar yadda ake ba gwanin kokowa. Yaro ya ga ana tafa wa manomi.

Na huɗu, dattawa da shugabannin samari su hana caca da saida ƙwaya a bakin fili. Kuɗin wake da yawa nan suke narkewa cikin dare guda.

Na biyar, duk kuɗin da aka tara don buki a rubuta su cikin littafi, shiga da fita, a karanta wa jama'a ranar tashi. Abin da ya saura a sayi hatsi a zuba bankin cimaka na gari.

Ƴan'uwa, Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙafar da za ta yi rawa yau ita za ta shiga gona in ruwa ya sauka, kuma ba ta shiga da yunwa. A ƙidaya, a rufe rumbu, sannan a kira makaɗi. Ku tattauna wannan magana a dandali da wurin taron ƙungiya kafin ranar ta zo.

Allah shi sa mu ga baɗi lafiya, da mu da iyalinmu da dabbobinmu.