Kuɗin ƙungiyar magina: a fara da yaron gini, ofis ya jira

Jama'a, duk wanda ya taɓa aza tubali a Maraɗi ko Damagaram cikin ƴan shekarun nan ya san zancen. Ka sha wuya ka sayi siminti, ka tara yashi da tsakuwa, sai ka zauna jiran magini. Wanda ka yarda da shi yana da aiki huɗu a hannu, ya zo maka yau, gobe wayarsa a kashe. Idan aikin karo ne na daɓen ɗaki, ko ɗaurin ƙarfe, ko haɗa pompo, sau da yawa sai an nemo ɗan Togo ko ɗan Benin. Ba laifinsu ba ne, sun iya ne shi ya sa ake nemansu.

Kwanan baya wata ƙungiyar magina ta gayyace mu taron neman gudunmawa. An kafa rumfa, ƴan kwangila da masu sayar da kayan gini sun zo, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, kuma wallahi abin ya burge ni, don ba kasafai masu sana'a ke cewa bari mu gyara gidanmu da kanmu ba. Manufar da aka faɗa ita ce magance ƙarancin ma'aikata. Amma da aka zo zancen inda kuɗin za su tafi, na farko da na ji shi ne sayen fili a gina ofis. Nan ne na saɓa da su.

Mu faɗi gaskiya, hannuwa ba su yi mana kaɗan ba. Ka je bakin kasuwa da sassafe ka ga matasa da shebur suna jiran mai ɗauka. Ƙwararru ne babu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro zai shiga hannun maigida, ya shekara biyu, uku, yana ɗebo ruwa, yana kwaɓa siminti, yana miƙa bulo, ba a taɓa ba shi cokalin gini ya ja layi ɗaya ba. Wani maigidan tsoro yake kada yaron ya iya ya ƙwace masa aiki. Wani kuma shi kansa ɗan kwangila bai biya shi ba, to me zai ba yaro? Da yamma a miƙa masa abin da bai wuce na fura ba. Ran da abokinsa ya dawo daga Libiya ko Aljeriya da sabon babur, ko aka ce zinari ya fito kamar yadda aka yi a Jado a 2014 da Ɗan Isa a 2021, wa zai riƙe shi? Ofis ba zai riƙe shi ba.

Kuma aikin da ke jiranmu ba ƙarami ba ne. Ba mu manta gobarar azuzuwan zana ba, ta Yamai a watan Afrilu na 2021 da ta nan Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, inda yara sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Har yau dubban azuzuwa na zana ne. Damanar 2024 ta rusa gidaje ba adadi, har da tsohon masallacin Damagaram. Gwamnati ta rage farashin siminti bayan wannan ambaliya, madalla, amma siminti ba ya gina kansa. Idan aka rasa gwani, wanda ya yi wata shida yana kallo shi zai zama magini, ya rage ƙarfe, ya yawaita yashi, damana ta gaba katangar ta faɗa kan mutane.

Don haka ga inda nake ganin kuɗin ya kamata su tafi. A ɗauki yara gwargwadon ƙarfin asusu, ko goma ne, a rubuta yarjejeniya tsakanin ƙungiya da maigida da uban yaro: wata kaza zai yi, ga abin da dole ya iya a ƙarshe. Asusu ya ɗauki abincin rana da kuɗin sabulu. Maigidan ma a ba shi wani abu, don koyarwa na rage masa saurin aiki, kuma kowa ya san haka. Ranar yaye, maimakon takarda da hoto kawai, a ba yaro kayan aikinsa na kansa. Wanda ya fita da kayan aiki, washegari zai iya samun na cefane.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, akwai FAFPA, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a kananan hukumomi, akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Haka ne, kuma ƙungiya ta je ta ƙwanƙwasa ƙofarsu ta nemi haƙƙinta, tunda kamfanoni suna biyan harajin koyon sana'a. Amma gini a wurin gini ake iya shi, kuma wuraren ginin a hannun ƴan ƙungiya suke. Falke Barmu na Yama, a jihar Tawa, wanda masallacin ƙasa da ya gina ya ci kyautar Aga Khan a 1986, daga cikin magina na gargajiya ya fito. Masu irin wannan ilimi na ginin ƙasa suna ta tsufa, kuma ban ji an ambace su a taron ba ko sau ɗaya, alhali mafi yawan talakawanmu a gidan ƙasa suke kwana.

Sauran magana biyu, kuma masu ɗaci. Wasu daga cikin waɗanda suka yi alkawarin kuɗi a gaban jama'a, leburori na bin su bashin aikin bara. Su fara biyan wannan. Sannan shugabannin ƙungiya su riƙa manna lissafi kowane wata uku, abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunan yaran da ke koyo da magidantan da ke koya musu. Mun nemi haka a rubuce, muna jiran amsa kafin a taɓa ko dala ɗaya.