Nicodemus: Darasi daga garin da layin dogo ya kauce wa

A arewa maso yammacin jihar Kansas ta ƙasar Amurka, cikin gundumar Graham, akwai wani ƙauye mai suna Nicodemus. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2020 ta samu mutum 14 kacal a cikinsa. Duk wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka wani zango ne da bai taɓa cika ba. Alhali kuwa kimanin shekaru 140 da suka shuɗe, gari ne mai ɗaruruwan mazauna, da shaguna, da banki, da jaridu biyu. Abin da ya kusa mayar da shi kufai ya cancanci nazari, musamman a wannan lokaci da ake shata sababbin layukan dogo a Arewacin Nijeriya.

An kafa Nicodemus a 1877, shekarar da gwamnatin tarayyar Amurka ta janye sojojinta daga harkokin mulkin jihohin Kudu, ta bar baƙaƙen fatar da aka 'yanta daga bauta a hannun tsofaffin iyayen gijinsu. Tun a 1862 akwai dokar da ta ba da eka 160 ga duk wanda ya zauna a filin gwamnati ya noma shi na tsawon shekara biyar. Wani dillalin filaye farar fata, W. R. Hill, da wani limamin coci baƙar fata, W. H. Smith, tare da wasu abokansu, suka kafa kamfanin gina garin, aka yi ta shelarsa a majami'un jihar Kentucky. A watan Satumba na wannan shekara ayarin mutum kusan 300 ya iso daga yankin Lexington.

Abin da suka tarar ya sha bamban da abin da aka faɗa musu. Fili ne fetal wanda ba itatuwa sai 'yan tsirarun da ke bakin kogin Solomon, ga ƙarancin ruwan sama, ga iska mai tsananin sanyi a lokacin hunturu. Tashar jirgin ƙasa mafi kusa tana garin Ellis, kimanin kilomita 50 daga wurin. Wasu da suka ga haka suka juya nan take. Waɗanda suka tsaya suka haƙa ramuka a gefen tudu, suka rufe su da ƙasa da ciyawa, suka shiga. Tarihin garin bai manta da alherin 'yan ƙabilar Osage ba, waɗanda suka raba musu naman farauta a wannan hunturu na farko.

Da haƙuri da gumi, cikin shekara goma ramuka suka koma gidajen dutse. Aka gina makaranta da majami'u da masaukin baƙi. Ɗaya daga cikin mutanen garin, Edward McCabe, ya ci zaɓen babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882, matsayin da babu wani baƙar fata da ya taɓa kaiwa a jihar kafin shi. Saura abu guda: hanyar fitar da alkama da masara zuwa kasuwa. A 1887 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ɗaukar bashi domin su kwaɗaitar da kamfanin jirgin ƙasa ya biyo ta wajensu. Bai biyo ba. A 1888 layin kamfanin Union Pacific ya ratsa ta kudancin kogin, aka kafa sabon gari mai suna Bogue a bakin dogon, kimanin kilomita 10 daga Nicodemus. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu suka bi jirgi. Daga nan garin ya fara zubewa. Fari da guguwar ƙura da karayar tattalin arziki na shekarun 1930 suka ƙara masa rauni, aka rufe gidan waya a 1953, daga baya makarantar ma ta bi sahu.

Mai ja da wannan bayani zai ce ai yawancin ƙauyukan wannan yanki sun tsiyaye, har da waɗanda jirgi ya ratsa. Gaskiya ne. Injinan noma sun sa manomi ɗaya yana aikin mutum goma, matasa suka tafi birane, kuma Bogue ɗin ma a yau mazaunansa ba su kai 200 ba. Sai dai akwai bambanci. Fari hukuncin Allah ne, injin noma kuwa sauyin zamani ne da ya shafi kowa. Inda dogo zai bi kuwa shawara ce da wasu mutane suka yanke a ofis, kuma ta faɗa wa Nicodemus ne tun yana ɗan shekara 11, kafin ya yi jijiyar da za ta riƙe shi. Mutanen da suka jure wa yunwa da sanyi a cikin rami sun kasa jure wa tazarar kilomita 10 tsakaninsu da tasha.

Wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya sauya fuskar birnin. Baro kuwa, da aka haɗa Kano da Legas kai tsaye, sai tasharta ta bakin kogin Neja ta yi sanyi. An ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a can a watan Janairun 2019, amma rashin hanyar mota mai kyau ya hana ta amfani yadda aka yi fata. Zungeru ma ta san ɗacin irin wannan shawara tun da aka ɗauke hedikwatar Arewa daga cikinta zuwa Kaduna.

Yanzu ga aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ba mai hankalin da zai ce sai dogo ya leƙa kowane ƙauye. Amma kowace tasha da aka kafa tana da garuruwan da za ta janye wa kasuwa da matasa, kuma haƙƙin gwamnati ne ta san su tun kafin a gama aiki. Maganin kuwa sananne ne: hanyoyin karkara masu kyau da za su sada garuruwan gefe da tasha, a sa su cikin kasafin aikin tun farko, jihohi su ɗauki nauyin kula da su. Sannan a ƙidaya jama'a. Amurkawa suna iya bin diddigin zubewar Nicodemus domin suna ƙidaya duk shekara goma tun 1790. Mu kuwa rabonmu da ƙidaya tun 2006, ga shi ana shata hanyoyi a kan kirdado.

Nicodemus dai bai ɓace ba. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa, ana kula da tsofaffin gine-ginensa biyar, kuma duk ƙarshen watan Yuli zuriyar waɗanda suka kafa shi sukan hallara daga sassan ƙasar domin bikin tunawa da 'yanci, al'adar da ta faro tun 1878. Abin yabo ne, amma biki na 'yan kwanaki ba ya buɗe makarantar da aka rufe. Garuruwanmu da sabon dogo zai wuce ta gefensu har yanzu cike suke da jama'a, kuma yanzu ne gina musu hanya zai yi amfani.