SHARHI: Birkin Manyan Motocin Jif da Arahar da Ke Cin Uwar Kuɗi

BAUCHI: Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan gyaran mota suka shiga sahun hajojin da farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, domin kuwa kusan dukkansu da kuɗin waje ake shigo da su. Dalar Amurka, wadda ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma kafin wannan mataki, ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Wannan ya sa masu motoci suka shiga neman inda za su rage kashe kuɗi, kuma abin takaici shi ne da yawa daga cikinsu a kan birki suka fara tsimin.

Ga attajirai da 'yan kwangila da kamfanonin Bauchi masu amfani da manyan motocin jif irin su Land Cruiser da Prado da Pajero, wannan tsimi kuskuren lissafi ne tun kafin ya zama ganganci da rayuka. Babbar Land Cruiser takan kai kimanin tan biyu da rabi ba tare da kowa a cikinta ba, wato kusan ninki biyu na ƙaramar mota irin Corolla. Idan aka cika ta da mutane da kaya sai ta haura tan uku, balle kuma wadda aka yi wa sulke. Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin gudun wannan nauyi ya zama zafi, a tsakanin takalmin birki da faifan da yake matsewa. Idan nauyi ya ninka, zafin ma ya ninka. Lamarin gudu ya fi haka muni: zafin da birki zai sha domin tsayar da mota mai gudun kilomita 120 a awa ya fi ninki biyu na wanda zai sha a gudun kilomita 80.

Hanyoyin da suka fita daga Bauchi kuwa ba sa yi wa birki rangwame. Birnin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, Bauchi kuwa kimanin mita 600, saboda haka direban da ya taso daga Jos ta Tilden Fulani da Nabordo gangara yake yi a mafi yawan tafiyar. A hanyar Gombe, da ta Ningi zuwa Kano, da ta Darazo zuwa Potiskum, akwai doguwar miƙa mai jan direba ya taka, sannan ga kasuwannin bakin titi da dabbobi da manyan motocin da kan tilasta taka birki ba shiri. Ga zafin watannin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da yashin damina masu cin takalmin birki tamkar magagari. Takalmin da ba shi da inganci yakan yi santsi idan ya ɗauki zafi, direba ya taka iya ƙarfinsa mota ta ci gaba da tafiya. Wani ma ɓawonsa ne ke ɓallewa daga jikin ƙarfen da aka manna shi.

To, mene ne ya kamata mai babbar mota ya nema? Takalmin birki iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne mai taushi, wanda aka haɗa da zare da roba da ƙaro. Ba shi da ƙara, ba shi da tsada, amma yana saurin ƙarewa kuma ba ya jure zafi. Na biyu shi ne mai garin ƙarfe a ciki. Yana da 'yar ƙara, yana baƙanta ƙafar mota, yana kuma ɗan cin faifai, amma shi ne ya fi jure nauyi da doguwar gangara. Na uku shi ne na tangaran, mai tsabta da daɗewa a zirga-zirgar cikin gari, sai dai ba shi ne zaɓin farko ba ga motar da ke ɗaukar kaya ko jan tirela. Ga jif ɗin da ke cin dogon zango, ko dai a nemi ainihin irin wanda kamfanin motar ya sa mata, ko kuma mai garin ƙarfe na sanannen kamfani. A gefen takalma da yawa akan buga haruffa biyu, kamar EE ko FF ko GG, masu nuna ƙarfin kamunsa yana sanyi da kuma bayan ya yi zafi. Bai kamata a sauka ƙasa da haruffan da motar ta zo da su ba.

Shi kuwa faifan birki, a jikinsa kamfani kan rubuta mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. Al'adar kai faifai wurin masu injin kankare ƙarfe domin a gyara fuskarsa ba laifi ba ce muddin za a auna shi bayan an gama, amma faifan da ya sirance ya wuce wannan iyaka ba shi da jikin da zai shanye zafi, sai ya fara sa sitiyari rawa ko ya tsage. Haka nan faifai mai huje-huje da samari ke sha'awa saboda kyan gani yakan tsage daga bakin hujin idan nauyi ya yi masa yawa. Ana sauya takalmi idan ɓawonsa ya rage kimanin milimita 3, kuma dama da hagu tare ake sauya su. Kada a manta da man birki, wanda ke tsotsar laima a hankali: sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha laima ma'aunin kan sauko zuwa wajen digiri 155. Shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a sauya shi duk bayan shekara biyu.

Duk wannan sani ne da kowane gogaggen bakanike yake da shi. Ainihin matsalar tana cikin tsarin kasuwar kanta. Kayan da ke isowa Bauchi daga Ladipo ta Legas, da Nnewi, da Ƙofar Ruwa ta Kano, sun haɗa da na ainihi, da na gwanjo da ake kira Beljiyam, da kuma jabu da aka sa a kwali mai tambarin Toyota ko Bosch. Mai saye ba zai iya bambancewa da ido ba, sai bayan wata da watanni a kan hanya. A shekarar 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 2001, ya bayyana abin da ke faruwa a irin wannan kasuwa: idan mai saye ba ya iya gane mai kyau daga marar kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, daga nan sai mai sayar da na kirki ya rasa ciniki, ya daina kawowa, jabu ta mamaye kanti. Bugu da ƙari, a mafi yawan lokuta mai motar ba shi ke zuwa kasuwa ba. Kuɗi yake bai wa direba ko bakanike, ya kuma matsa musu su nemo mai sauƙi, alhali kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa ba a auna haja da kuɗin saye kawai. A ɗauka, alal misali, takalmin jabu rabin kuɗin na ainihi ne, amma kashi ɗaya cikin uku na kwanan na ainihi yake yi. Kafin na ainihi ɗaya ya ƙare an sayi jabu uku, wato an kashe ninki ɗaya da rabi na kuɗin da aka guje wa, an biya ladan bakanike sau uku, mota ta yi zaman gareji sau uku, wataƙila kuma an lalata faifan da ya fi takalmin tsada nesa ba kusa ba. Wannan lissafi bai haɗa da motar miliyoyin Naira ba, bai kuma haɗa da ran da ba shi da farashi ba.

Ƙasashen Turai sun magance wannan da doka. Ƙa'idar da ake kira R90 ta wajabta cewa duk takalmin birkin da za a sayar a madadin na asali, kada ƙarfin kamunsa ya bambanta da na asalin da fiye da kashi 15 cikin 100, kuma daga 2016 aka shigar da faifai cikin wannan ƙa'ida. A Nijeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, tana da shirin tantance kayan waje tun 2005, dokar 2015 kuma ta ƙara mata ikon kamawa da hukuntawa. Abin da ya rage shi ne a riƙa ganin jami'anta a kantunan kayan gyara na jihohi, su ɗebi samfuri su gwada, su kuma bayyana sakamakon ga jama'a. Ita ma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ya dace ta ba birki irin muhimmancin da take bai wa taya da takardun mota.

Amma kafin hukuma ta motsa, maganin farko yana hannun masu motocin. Duk kamfani ko ma'aikata mai jif biyu ko uku ya kamata ta tsayar da dila guda da ta amince da shi, ta nemi rasit mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera kayan da lambarsu, ta rubuta kilomitar da mota ta nuna ranar da aka sa su, ta kuma buƙaci a dawo mata da tsofaffin da aka cire. Bayan sauyi biyu ko uku, littafin nan zai nuna wane dila ne mai gaskiya, kuma cinikin zai koma wurinsa. Ƙungiyoyin masu sayar da kayan gyara da na kanikawa su ma za su amfana idan suka fito da tsarin lamuni a rubuce, suka kuma ladabtar da duk wanda aka kama yana sayar da jabu da sunan na ainihi.

Garin da ya taɓa harhaɗa manyan motoci da taraktoci a kamfanin Steyr bai rasa mutanen da suka san ƙarfe mai kyau ba. Abin da suke buƙata shi ne masu saye da za su biya kuɗin inganci su kuma nemi shaida a kansa. Masu iya magana dai sun ce araha ba ta ado, a gangarar Jos kuwa ba ta tsayar da mota.