A Riƙa Leƙa Tsofaffin Garuruwa Kafin Su Zama Kufai

Duk shekara idan lokacin lifi ya zo, ma'aikacin gwamnati kan karɓi kuɗin hutunsa ya nufi Kaduna ko Kano ko Abuja, mai hali kuma ya haye jirgin sama zuwa Dubai ko Landan. Ɗalibai ma idan an shirya musu yawon buɗe ido, galibi gidan zu ne ko filin jirgin sama ko wata masana'anta a birni. Babu laifi a cikin wannan. Abin da ke da ban takaici shi ne yawancin wuraren da aka ƙulla tarihin ƙasar nan a ƙananan garuruwa da ƙauyuka suke, kuma ba kasafai masu ilimin zamani kan taka ƙafa can ba.

Alal misali a ɗauki ƙasar Sakkwato. Kowane ɗan makaranta ya haddace cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a shekarar 1804, amma nawa ne daga cikin malaman da ke koyar da wannan darasi suka taɓa ganin Ɗagel da idonsu? A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Can yamma akwai Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi, wanda ganuwarsa ta dutse ta kai shekara ɗari biyar tana tsaye a daji. Wanda ya tsaya a gindin wannan ganuwa ya ga yadda aka jera duwatsun, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani game da ƙarfin daular Kabi. Gani ya kori ji.

Haka abin yake a sauran jihohi. Kusa da Mani a Jihar Katsina akwai Durɓi Takusheyi, inda tudun kaburburan sarakunan farko suke. Tonon da aka yi a 1907 da kuma 1992 ya fito da kayan tagulla da na hauren giwa, har da kwanon da aka ƙera a ƙasashen Gabas, shaidar cewa fatauci ya haɗa ƙasar Hausa da duniya mai nisa tun kafin Bature ya san hanyar zuwa. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai zanen shanu a jikin duwatsu, wanda mutanen dauri suka bari. A Kafin Madaki ta Jihar Bauci akwai gidan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, watau maginin nan da ya yi tsohon masallacin Juma'a na Zariya, kuma tun 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa. Injiniyan da ya karanta gini a jami'a, in ya ɗaga kai ya dubi daurin gugan da aka yi da laka da azara kawai, zai koma ofis da sabon tunani.

Ko tarihin zamanin Turawa ma ba a manyan birane kaɗai yake ba. Zungeru ce hedkwatar Arewa daga 1902 kafin a koma Kaduna, a can kuma aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904. Gadar ƙarfen da Lugga ya sa aka yi an kwance ta an kai Kaduna, abin da ya rage na ofisoshin gwamna kuwa ginshiƙai ne da ciyawa ta kewaye. Ma'aikacin da ke zaune a sakatariya yana juya fayil, a waɗannan kangaye aka fara aikin da ya gada.

Dalilin da ya sa maganar nan ta zama ta gaggawa shi ne wuraren suna lalacewa. Ginin laka sai da yaɓe kowace shekara, in aka bar shi damina biyu ko uku sai soro ya rufta. Ganuwa kuma masu buga bulo na yankar ƙasarta, manoma na ture ta don su ƙara faɗin gona. A ƙasar Nok, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a 1928, 'yan fasa-ƙwauri sun shafe shekaru suna tonewa suna sayarwa a Turai, har ya zama mai son ganin wasu daga cikin mafi kyawunsu sai ya nemi biza. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne dattawan da suka san labarin kowane tudu da kowace ƙofa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, samari kuma sun tafi birni neman abinci. Wurin da ba a zuwa, mutanensa kan ɗauka ba shi da daraja. Amma in suka ga motar ɗalibai ta tsaya, an gai da dagaci, an nemi tsoho ya yi bayani, an sayi fura da tabarma, to daga ran nan za su fara hana a taɓa ko da dutse guda.

Akwai masu cewa hanyoyi ba kyau, ba masauki, kuma ba tsaro. Gaskiya ne, bai kamata a rufe ido a kansa ba. Sukur da ke kan duwatsun Mandara a ƙasar Madagali, wadda a 1999 ta zama wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, ta sha harin Boko Haram a 2014. Wasu sassan Sakkwato da Katsina da Neja sun yi fama da 'yan bindiga. Ba wanda zai ba shugaban makaranta shawarar ya kwashi 'ya'yan mutane ya shiga inda ake fargaba. Sai dai rashin tsaro bai game ko'ina ba, kuma sakacin ya girmi rashin tsaron. A shekarun da mutum ke iya tafiya daga Kano zuwa Maiduguri cikin dare hankali kwance, su wa suka je? Har darasin Tarihi ma an taɓa cire shi daga ƙananan makarantu wajen 2009, sai a 2022 aka ƙaddamar da maido da shi.

Gyaran ba ya bukatar miliyoyi. Ma'aikatun ilimi na jihohi su wajabta wa kowace sakandare ta kai ɗalibai wani tsohon gari na kusa sau ɗaya a shekara, bayan an tuntuɓi hakimi da jami'an tsaro, sa'an nan kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji daga bakin dattawa. Ƙananan hukumomi su share hanya, su kafa allo mai bayani da Hausa da Turanci, su ɗauki ɗan gari guda ko biyu aikin gadi da jagora, da ɗan albashin da za a riƙa biya a kan lokaci. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta haɗa kai da masarautu wajen yaɓe da gyara kafin saukar ruwa, a kuma nemi maginan gargajiya su yi aikin, domin siminti kan ɓata tsohon gini. Sassan Tarihi da na Hausa a jami'o'i su tura ɗalibansu da rakoda tun masu labarin suna da rai.

Shi kuma baƙo akwai nasa ladabin. Ya fara da gaisuwa a fada, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutane ko na hubbare, kada ya tsinci kasko ko dutse ya sa a aljihu, kada kuma ya rubuta sunansa a bango. Mutanen da ya tarar masu gida ne, su suka riƙe wurin har ya zo ya same shi.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Ma'aikacin da ke da lifin wata guda, in ya ware kwana biyu ya ɗauki 'ya'yansa zuwa tsohon garin da ya fi kusa da shi, kuɗin man da zai kashe bai kai na kwana ɗaya a otal ɗin Abuja ba. In kuwa aka ci gaba da jinkiri, wata rana za a je a tarar da gonar gero a inda ganuwa take, ba kuma wanda zai iya nuna inda ƙofar gari ta kasance.