RA'AYI: Ruwan Da Ba A Auna Ba, Ta Yaya Za A San Zuwansa?

Duk shekara idan damina ta yi tsakiya, talakan da ke zaune a fadamun Haɗeja zuwa Nguru ba ya barci da ido biyu. Ko dai ruwa ya zo ya cinye gona da gida, ko kuma ya ƙi zuwa shinkafa ta ƙone. A 2022 jihar Jigawa ta ga tashin hankali, a faɗin Nijeriya kuwa ambaliyar wannan shekara ta kashe mutane sama da 600. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya san yawan ruwan da ke gangarowa kafin ya iso?

Koguna biyu ne ke shayar da waɗannan fadamu, wato kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. An tare ɓangaren Haɗeja da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Kafin madatsun, ruwa kan shafe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai albarka. A farkon shekarun 1990 abin bai kai 1,000 ba. Ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa tana karkatar da shi inda ba a zata ba.

Akwai wuraren awo irin su Wudil da Gashuwa, amma ɗimbin ƙoramu da rafukan da ke zuba a cikin waɗannan koguna babu ko sandar awo a bakinsu. To, me masana ke yi? Kirdado suke yi da lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan ɗaya ne. Idan aka yi ruwa milimita 50 a yanki mai murabba'in kilomita 100, an zubar da lita biliyan 5 ke nan. Sai a tambaya, nawa ƙasa ta sha, nawa rana ta ƙone, nawa ya gangara rafi? Idan kashi 10 cikin 100 ne ya gangara, lita miliyan 500 ne. Idan kashi 30 ne, ya ninka sau uku. Tsakanin waɗannan lissafi biyu akwai rayukan ƙauye guda.

Shi wannan kaso sukan aro shi ne daga wani rafi makamancinsa da aka taɓa aunawa. Amma ƙasar dutse ta wajen Kano da Bauci tana sakin ruwa da sauri, alhali ƙasar yashi ta gabas tana shanye shi. Wanda ya ari lissafin wannan ya ɗora wa waccan ya yi aikin banza. Hotunan tauraron ɗan'adam suna nuna faɗin inda ruwa ya kwanta, amma sai an gwada su da awon da aka yi a bakin kogi kafin a amince da lissafin.

Abin takaici, wannan aiki ba sabo ba ne. Tun a shekarar 861, zamanin Halifa Mutawakkil, aka gina ma'aunin kogin Nilu a tsibirin Rauda da ke Alƙahira, da shi ake sanin ko shekara za ta yi albarka. Yau shekaru sama da 1,100 ke nan, amma mahukunta sun fi iya rabon buhun shinkafa bayan ɓarna fiye da kafa sandar awo kafin ta. Hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara ba zai fi ingancin alƙaluman da aka ba shi ba.

Wajibi ne a gyara tsofaffin ma'aunai, a kafa sababbi, a kuma riƙa sanar da na ƙasa kafin a saki ruwan madatsa. Su kuma 'yan uwa matasa, musamman ɗaliban kimiyya, kada su tsaya jira. Sanda mai alamar santimita a jikin gada, da littafin da ake rubuta tsawon ruwa kowace safiya, da alamar inda ambaliya ta tsaya a bangon makaranta tare da kwanan wata, duk ba su fi ƙarfin matashi ba. Shekara biyar na irin wannan rubutu dukiya ce ga garinsa. Allah Ya kare bayinSa.